Shirya Darasin Hausa a Ajin da Ɗalibansa Suka Sha Bamban

Duk wanda ya shiga kwalejin horon malamai akan koya masa yadda zai rubuta shirin darasi kafin ya tsaya gaban aji. A cikin shirin akwai gurbin manufar darasi, da na kayan aiki, da na matakan gabatarwa, da na auna fahimta. Akwai kuma wani ɗan gurbi inda ake rubuta abin da yara suka riga suka sani. Galibi da jimla ɗaya ake cika shi, kamar a ce yara sun san baƙaƙe da wasula, sa'an nan a wuce gaba. To, a wannan ɗan gurbi ne yawancin darussan Hausa suke karyewa, domin an ɗauka cewa yaran aji duka abu guda suka sani, alhali kuwa ba haka al'amarin yake ba. Nufin wannan takarda shi ne ta bayyana irin bambancin da ke tsakanin ɗaliban ajin Hausa, da inda ya samo asali, da yadda malami zai shirya darasi guda wanda kowane kashi zai sami rabonsa a ciki. An ɗauki aji ɗaya na ƙaramar sakandare a babban gari, irin Kaduna ko Jos ko Kano, ya zama misali, saboda a nan ne ake tara yaran da suka fito daga firamare dabam-dabam da gidaje dabam-dabam.

Hausar littafi da Hausar gida

Abin da ake koyarwa a aji shi ne Daidaitacciyar Hausa, watau Hausar da aka zaɓa domin rubutu. Ba a rana ɗaya aka kafa ta ba. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buga ƙa'idojinsa na rubutun boko a 1912. Sa'an nan Hukumar Fassara, wadda ta koma Hukumar Talifi a 1933, ta yi ta buga littattafai a ƙarƙashin R. M. East, ƙamus na Bargery ya fito a 1934, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, aka kuma kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. A duk tsawon wannan aiki Kananci aka ɗauka ya zama tushe, ko da yake mutumin da alƙalaminsa ya fi kowa zaunar da wannan Hausa a idon masu karatu, watau Abubakar Imam, a Kagara aka haife shi, a Katsina ya yi karatu, a Zariya kuma ya yi aiki.

Abin lura a nan shi ne ba a haifi kowa da Daidaitacciyar Hausa a baki ba, har Bakanon. Yaron Kano yakan ce "gurin" inda littafi ya ce "wurin", ya ce "mishi" inda littafi ya ce "masa". Yakan furta "gidam Musa", amma ƙa'ida ta ce a rubuta "gidan Musa". Ita kanta ƙa'idar ta sake kama a hanya: wanda ya buɗe tsofaffin littattafan Zariya zai ga "ya ke" da "su ke" a rarrabe, daga baya ne aka haɗe su. Saboda haka kowane yaro yana da tafiyar da zai yi daga Hausar gidansu zuwa Hausar littafi. Tsawon tafiyar ne ya bambanta, da kuma wurin da kowa zai tashi.

Kashi-kashin ɗalibai

Kashi na farko su ne waɗanda Hausa ce harshensu na gida, amma karin harshensu ya yi nisa da na littafi. Mafi bayyana a cikinsu su ne masu karin yamma, watau Sakkwatanci da danginsa. Yaro daga Sakkwato ko Kabi yana iya rubuta: "Da munka tahi kasuwa, sai ɗiyam maƙwabcinmu tah hwaɗi." Malamin da bai san karin harshe ba zai ja jan layi biyar a wannan jimla ɗaya, yaron kuwa bai yi kuskuren nahawu ko ɗaya ba. Kowane abu da ya rubuta bisa ƙa'ida yake. Inda Kananci ke da "f", shi yana da "hw" a gaban "a", da "h" a gaban "i": hwari, tahi, lahiya. Inda littafi ke da muka, kuka, suka, aka, shi yana da munka, kunka, sunka, anka. Inda littafi ya ce "ta faɗi" a cikin labari, shi yakan ninka baƙin farko na aikatau. Yana cewa zamna da amre da sabka da abduga inda Kano ke cewa zauna da aure da sauka da auduga; kuma tun a ƙarshen shekarun 1920 masanin nan na Jamus August Klingenheben ya nuna cewa siffar yamma ita ce tsohuwa, ta Kano ce ta sauya, domin a can baƙin leɓe da ya rufe gaɓa ya narke ya koma "u". Wanda ya san wannan ba zai ce da yaro Hausarsa gurɓatacciya ce ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Har wa yau a cikin wannan kashi akwai masu karin kudu da gabas, irin Zazzaganci da Bausanci, amma matsalarsu wata ce dabam. A waɗannan wurare bambancin jinsi tsakanin namiji da tamata ya yi rauni a sunayen abubuwa, har yaro ya rubuta "motan babanmu ne" maimakon "motar babanmu ce". Dubi bambancin da ke tsakaninsa da Basakkwace. Basakkwace yana cewa "yaro na" da "yarinya ta" inda littafi ke cewa "yaro ne" da "yarinya ce". Watau ya san jinsin kowace kalma sarai, siffar dirkar ce kawai ta bambanta, kuma jadawali mai layi biyu ya ishe shi. Shi kuwa Bazazzagi furucinsa ya yi kusa da na littafi, har malami ya zaci ba shi da wata bukata, amma a kan jinsi yana bukatar darasi tun daga tushe. Wanda kunne ya ce ya fi nisa shi ne ya fi kusa a nan.

Kashi na biyu su ne waɗanda suka koyi Hausa a waje, a gida kuwa wani harshe ake yi. Kuskure ne babba a tara su a ce duk "ba Hausawa ba ne", a ba su magani iri ɗaya, domin abin da zai wahalar da yaro ya danganta ga harshen da ya taso da shi. Bafulatani yana da "ɓ" da "ɗ" da "'y" a Fulatanci, saboda haka ba ya rikita "bata" da "ɓata", ko "daki" da "ɗaki". Abin da babu a harshensa shi ne "ƙ" da "ts", don haka a wurin "kafa" da "ƙafa", ko "sara" da "tsara", ake sa ran zai yi tuntuɓe. Fulatanci yana bambanta dogon wasali da gajere, amma ba ya amfani da karin sauti wajen rarrabe kalmomi. Bayarabe kuwa kunnensa ya saba da karin sauti ƙwarai, amma ba shi da ko ɗaya daga cikin baƙaƙen nan masu ƙugiya. Babarbare ma ya san karin sauti, sai dai a harshensa aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa. Abin da ya haɗa su ukun shi ne harsunansu ba su raba sunaye zuwa namiji da tamata, shi ya sa ake yawan ganin "yarinya ya zo" a takardunsu. A kan wannan batu guda bukatarsu ta yi daidai da ta Bazazzagi, sai a zaunar da su tare. A kan baƙaƙe masu ƙugiya kuwa babu abin da ya haɗa su da shi.

Akwai wata wahala da ke kan wannan kashi wadda malami Bahaushe ba kasafai yake ganinta ba, saboda shi bai taɓa jin ta ba. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma bambanta "r" iri biyu da Hausa ke da su. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya. Haka "wuya" ta wahala da "wuya" na jiki. Haka "bara" mai hidima da "bara" ta almajiri da "bara" shekarar da ta wuce. "Kuka" tana iya zama itaciya, ko hawaye, ko wakilin suna. Mafi tsanani shi ne "ya tafi", wadda take da furuci huɗu da ma'ana huɗu: labarin abin da ya riga ya auku, da irin wanda ke biyo bayan "sai" a cikin labari, da umurni, da kuma abin da ake tsammanin zai auku. Ɗan harshe yana zaɓen furucin da ya dace ba tare da ya san ya yi zaɓe ba, domin ya riga ya san kalmomin. Wanda ke koyo kuwa takarda ba ta gaya masa kome. In ya yi karatu a bayyane ya karkace, aji ya yi dariya, sau biyu ko uku ya isa ya rufe bakinsa har ƙarshen shekara. Maganin wannan ba shi da tsada: malami ya karanta nassin da ƙarfi tukuna, ko ya sa wani ɗan harshe ya karanta, kafin a nemi mai koyo ya karanta.

Kashi na uku su ne waɗanda suka daɗe a makarantar allo kafin su zo boko, ko suke haɗa biyun. Sau da yawa akan lissafa su cikin waɗanda ba su iya karatu ba, wannan kuwa zalunci ne. Yaron da ya wuce babbaƙu da farfaru ya riga ya gane babban sirrin karatu, watau cewa alama tana tsayawa a madadin sauti, kuma baƙi da wasali suna haɗuwa su ba da gaɓa. In ya saba da ajami, ya san ɗa mai hannu, ya san shadda tana ninka baƙi, ya san ana ja wa wasali da alif ko wau ko ya. Watau yana da abin da rubutun boko ya rasa. Abubuwan da za su dame shi kaɗan ne, kuma ana iya faɗinsu tun kafin a ga takardarsa. Hannunsa ya saba tafiya daga dama zuwa hagu. Babu babban baƙi da ƙarami a rubutun da ya sani. Rufu'a ita ke ɗaukar "u" da "o" duka biyu, saboda haka yana iya rubuta "duki" yana nufin "doki". Sa'an nan yakan manne ƙananan kalmomi da na kusa da su. Kusa da wannan kashi akwai yaron da ya fara karatu da Faransanci a Maraɗi ko Damagaram, wanda zai rubuta "ou" a wurin "u", da "ch" a wurin "sh". In kuwa ya koyi rubutun Hausa irin na Nijar, zai rubuta "ƴ" inda Nijeriya ke rubuta "'y". Duk waɗannan aikin makonni ne, ba na shekara ba.

Kashi na huɗu su ne waɗanda da gaske ba su iya karatu ba a kowane rubutu, ko da yake sun gama firamare. Suna iya kwafe abin da ke kan allo da kyakkyawan hannu, suna iya amsa karatun taro da baki ɗaya tare da sauran yara, ta haka suke ɓuya shekara da shekaru. A cikinsu akan sami wanda ba ya ji sosai, ko wanda ba ya ganin allo daga baya. Kafin a yanke wa yaro hukuncin rashin ƙwaƙwalwa, ya kamata a matso da shi gaba mako guda a gani.

Gwajin makon farko

Ba a iya shirya wa mutane abinci sai an san yawansu da abin da suke ci. Haka darasi. Saboda haka aikin makon farko bincike ne, kuma abubuwa uku ya ƙunsa. Na farko shifta ce gajeriya, wadda aka cusa wa kalmomi masu kama da juna, irin kaya da ƙaya, da dari da ɗari, da baki da baƙi, da kuma wuraren raba kalma, irin "ta ce" da "tace", da "a kan" da "akan". Shifta tana kama kunne da hannu, amma ba ta kama karin harshe, domin yaro abin da malami ya furta yake rubutawa. Don haka ake bukatar na biyu, watau insha'i na layi biyar ko shida a kan abin da kowa ya sani, kamar abin da ya gani a hanyar makaranta. A nan ne "munka" da "motan" da "yarinya ya zo" za su fito da kansu. Na uku shi ne kowane yaro ya zo shi kaɗai ya karanta wa malami. Ana fara masa da ɗan sakin layi. In ya iya a ba shi labari, in ya kasa a sauko zuwa kalmomi, in ya kasa a sauko zuwa baƙaƙe.

Wannan na ukun ba sabon abu ba ne. Shi ne tsarin da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta yi suna da shi, inda ake raba yara bisa matakin karatunsu, ba bisa shekarunsu ko ajinsu ba, a koya wa kowane rukuni daga inda ya tsaya. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami lambar Nobel a 2019 tare da Michael Kremer, suna cikin waɗanda suka gwada tsarin suka ga yana aiki. Tushen tunanin ya girmi haka, domin Lev Vygotsky na Rasha, wanda ya rasu a 1934, ya riga ya nuna cewa koyo yana aukuwa ne a tsakanin abin da yaro ke iya yi shi kaɗai da abin da yake iya yi in an tallafa masa. Abin da ya yi ƙasa da wannan ɓata lokaci ne, abin da ya yi sama da shi kuwa surutu ne a kunnensa.

A aji mai yara saba'in, karatun ɗai-ɗai zai ci darasi uku ko huɗu, in an ba kowa minti biyu sauran kuwa suna insha'i. Akwai malaman da za su ce manhaja ba ta bar wannan fili ba. Amsar ita ce darasi huɗu a farkon zango sun fi arha bisa ga zango guda da za a yi ana magana da rabin aji. Abin da aka samu a rubuta shi a takarda ɗaya: sunan yaro, harshen gida ko karin harshe, matakin karatu, da abu ɗaya ko biyu da ya fi bukata. Wannan takarda ita ce ta cancanci zama a gurbin nan na abin da yara suka riga suka sani.

Misalin darasi guda

A ɗauka darasin yau a kan jinsi ne, watau "ne" da "ce", da kuma mahaɗin "-n" da "-r", lokacin kuwa minti arba'in. Manufa ɗaya ce ga kowa: a ƙarshen darasi yaro ya iya rubuta "rigar Audu ce" da "wandon Audu ne" daidai. Ba a rage wa kowa manufa. Hanya ce take rabuwa.

Minti goma na farko aji duka tare yake. Malami ya ɗaga hula, ya ɗaga takalmi, ya ɗaga jaka, ya ɗaga littafi, yara suna faɗin abin da ya ɗaga, shi kuwa yana rubutawa a allo a sahu biyu. Babu wanda wannan ya fi ƙarfinsa, har wanda bai iya karatu ba. In wani ya ce "hula ta", sai a rubuta ta a gefe, a ce haka ake faɗi a Sakkwato, a littafi kuwa "hula ce". Daga sahun nan yara da kansu za su ga cewa kalmomin da suka ɗauki "ce" da "a" suka ƙare.

Minti ashirin na tsakiya ne ake rabuwa. Waɗanda suka riga suka san jinsi, Kanawa da Katsinawa da Sakkwatawa, ba su da bukatar maimaita abin da suke yi tun suna goye. Su a ba su aikin da zai sa su tunani: su nemo kalmomin da suka karya ƙa'idar. Za su samo gida da ruwa da nama da suna, waɗanda suka ƙare da "a" amma suke ɗaukar "ne"; za su samo mace da gwamnati da sunayen garuruwa da na ranaku, waɗanda ba su ƙare da "a" ba amma suke ɗaukar "ce". Masu kaifin cikinsu za su lura cewa ana cewa "gwamnatin jiha ce", watau "-r" ba ta hawa sai kan sunan tamata da ya ƙare da "a", kuma jam'i kowane iri ne "-n" da "ne" yake ɗauka. Wannan nahawu ne na gaske, kuma su suka tono shi.

Rukuni na biyu, masu karin da jinsi ya yi rauni a cikinsa tare da masu koyon Hausa, a ba su katuna ashirin na sunaye masu bin ƙa'ida, su raba su gida biyu, sa'an nan su haɗa kowane da sunan mutum. Kalmomin da suka karya ƙa'ida a ajiye musu sai wani darasi, ban da uku ko huɗu da ba a iya magana sai da su. Amfanin haɗa su shi ne Bazazzagi ya san ma'anar kowace kalma da furucinta, zai gaya wa na kusa da shi. Akwai ma abin da mai koyo zai ɗauka daga bakinsa ba tare da an ambata ba: karin sautin dirka kullum kishiyar na gaɓar da ta gabace ta ne, shi ya sa "ne" ta "jaki ne" take sauka, ta "doki ne" kuwa take hawa. Ba a bukatar a gaya wa yaran aji ɗaya wannan, amma malaminsu ya kamata ya sani, don ya gane abin da ya karkace in ya ji.

Rukuni na uku, 'yan ajami da makamantansu, aikinsu na hannu ne: su rubuta jimlolin da ke allo, su sa babban baƙi a sunan mutum, su raba dirka da kalmar da ta gabace ta, su kula da "o" ta "wando" da "u" ta "hula". Rukuni na huɗu kuwa a wurinsu malami zai zauna mafi yawan mintocin nan, domin su ne ba su iya aiki su kaɗai. Su yi darasin da baki, sa'an nan su gina kalmomi huɗu daga gaɓoɓi: ri-ga, hu-la, ja-ka, wan-do. Minti goma na ƙarshe a sake haɗuwa, kowane rukuni ya kawo abu ɗaya, a rufe da jimla uku da kowa zai rubuta.

Za a ce wannan ya fi ƙarfin malami ɗaya a aji mai cunkoso. Amma duk wanda ya zauna a makarantar allo ya ga malami ɗaya da almajirai masu yawa, kowa da allonsa, kowa da inda karatunsa ya tsaya, ba a wanke wa yaro allo sai ya iya abin da ke kai, manyan almajirai kuma suna biya wa ƙanana. Ana iya sukar tsarin ta wasu fuskoki, amma ta wannan fuska ya riga makarantar boko gane cewa yara ba tafiya ɗaya suke yi ba. Abin da za a aro shi ne sa gwanaye su biya wa na baya, da sharaɗi ɗaya: kada gwani ya zama ɗan aikin malami kullum har nasa karatun ya tsaya.

Abubuwan da za a kiyaye

Rukunin nan na darasi ne, ba na shekara ba. Bafulatanin da ya zauna da Bazazzagi ranar jinsi zai rabu da shi ranar "ƙ" da "ts". Da zarar rukuni ya zama wurin zama na dindindin, yara za su raɗa masa suna, sunan kuwa ba zai yi daɗi ba. Hanyar hana wannan ita ce a shirya darussan da masu rauni a jiya za su zama su ne gwanaye. Ajin Hausa yana da wannan dama fiye da kowane aji. Ranar da aka zo waƙoƙin ƙarni na 19, irin na Nana Asma'u, ko waƙoƙin makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, Basakkwacen nan mai "munka" da "anka" shi zai fassara wa Bakano. Ranar da aka zo awon rubutacciyar waƙa, wanda ya dogara ga gaɓa mai nauyi da marar nauyi, ɗan ajami ne zai fara ji, domin shi ya saba ganin dogon wasali a rubuce. Ranar da aka zo kalmomin aro da dangantakar harsuna, mai harshe biyu ko uku shi ke da abin faɗi.

Gyaran takarda ma yana bukatar alama iri biyu. Kuskure na gaske, irin barin ƙugiya ko manne kalmomi, a ja masa layi. Abin da yake Hausar gida ne a kewaye shi, a rubuta na littafi a samansa, yaro ya san cewa ba a ce ya yi ƙarya ba, an ce ne ba nan ne wurinta ba. In kuwa labari yake rubutawa ya sa wa wani tsoho Sakkwatanci a baki, wannan gwaninta ce, a bar masa. Kuma kada a gyara kome da kome a takarda ɗaya. Yaron da aka mayar wa takarda ta yi ja wur ba ya karanta gyaran, ninke ta yake yi.

Akwai wani ra'ayi da ya bazu a kwalejoji, cewa kowane yaro yana da hanyar koyo tasa ta halitta, wani da ido, wani da kunne, wani da taɓawa, kuma wai sai an koya wa kowa ta hanyarsa. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa sun bi binciken da aka yi a kan wannan, ba su sami hujjar da ta isa a gina koyarwa a kanta ba. Kawo hula da takalmi aji yana da amfani ga kowa, ba don wasu 'yan ido ne ba. Bambancin da ya cancanci malami ya ɓata dare a kansa shi ne na abin da yaro ya riga ya sani da abin da ya rage masa, domin wannan ana iya auna shi da shifta da insha'i, kuma yana sauyawa in an yi aiki.

Abin da ya rage yana wuyan kwalejoji. Duk abin da aka faɗa a sama ya rataya ne ga malamin da zai dubi "tah hwaɗi" ya san ƙa'ida ce, ya dubi "duki" ya san daga rufu'a ta fito. Ana koyar da karin harshe da ilimin furuci a sashen Hausa, ana koyar da dabarun koyarwa a sashen ilimi, amma ba kasafai ake zaunar da ɗalibi a nuna masa inda biyun suka haɗu ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a lokacin koyarwar gwaji. Kafin mai duba ɗalibi ya karɓi shirin darasinsa, ya nemi ya ga takardar makon farko, da takardun insha'i goma na yaran ajin, ɗalibin ya ware abin da ke cikinsu gida-gida: wannan karin harshe ne, wannan daga harshen gida ya zo, wannan daga ajami, wannan kuwa rashin sani ne. Sa'an nan ya nuna a cikin shirinsa wane minti ne aka ware wa wane gida.